Rigar Gola

"Kai ka saye ta, na ji. Sau uku ke nan kana faɗa, Nababa, kunnena bai mutu ba tukuna. Ni ban ce zan bayar ba, ban kuma ce ba zan bayar ba. Cewa na yi zan duba."

Iya Hindu ta sauke wayar daga kunne ta kife ta a cinya, ta bar Nababa yana yi wa zaninta bayani. Daga Kano yake kira. Can safiya ce, ya karya ya ƙoshi, yana da ƙarfin magana. Nan Guangzhou kuwa, a ƙasar Sinawa, la'asar ta gabato, ita ko tun asuba take tsaye. Da ta ƙiyasta ya kai inda zai ja numfashi sai ta ɗaga ta ce ya gaida iyali, ta miƙa wa 'yarta Maijidda ta kashe mata. Har yau ba ta yarda da jan maɓallin nan ba. Sai ka danna, ka saki baki, ashe mutum yana nan yana jin ka.

A kan riga ake duk wannan. Rigar ƙwallo guda ɗaya, ruwan ɗorawa, mai dogon hannu, da lamba ɗaya a baya kamar an jingina sanda. Tana cikin jakar bakko a ƙarƙashin gadon Iya, a hawa na tara, a unguwar Panyu, ita da 'yan'uwanta wajen arba'in. Jami'ar da yaran gida ɗalibai suke karatu za ta buɗe ɗakin tarihi na ɗaliban waje, an ba ƙungiyarsu ta ƙwallo akwatin gilashi ɗaya, kuma Nababa, wanda ya kafa ƙungiyar, ya yanke daga can Kano cewa wannan rigar za a sa a ciki. Iya ba gilashin ne ya dame ta ba. Sunan da za a rubuta a ƙasan rigar ne ya tsaya mata a wuya, don ba sunan wanda ya yi zufa a cikinta ba ne.

Shekara goma sha biyar ke nan da ta zo ƙasar nan wankan jegon Maijidda, da niyyar ta yi arba'in ta koma. Mijin Maijidda, Alhaji Shitu, aikinsa loda wa 'yan kasuwar gida kaya a kwantena, ba shi da lokacin kansa balle na jariri. Arba'in ta wuce, goyo ya hau kan goyo, har jikokin suka girma aka tura su makaranta gida, Iya tana nan. Yaren mutanen ba ta tsinci komai a ciki ba sai kalma uku: sannu, na gode, da "meyo", wato babu. Ta ce ukun nan sun ishi mutum zama ko'ina, ta ƙarshen ma ta fi aiki.

A shekararta ta biyu Nababa ya kafa ƙungiyar. Lokacin yana karatun injiniya can tsibirin jami'o'i, siriri, mai baki kamar rediyo. Ya tara ɗaliban Arewa da 'yan Nijar, ya je ofishin ɗaliban waje ya dame su da zuwa har suka ba su filin Asabar don su huta da shi. Ya shiga Shisanhang, layin 'yan sarin tufafi, ya sayo riguna masu araha aka manna musu lamba. Wanki ɗaya aka yi musu a injin ɗakin kwanan ɗalibai, lambobin suka ɓare. Goma ta koma sifili, bakwai ta tafi gaba ɗaya, sai da aka sake manna wasu. Yaran dama sukan zo gidan Alhaji Shitu cin tuwo ran Asabar, Iya ta ji suna kuka da injin, ta ce su kawo ta wanke musu da hannu, sau ɗaya, su ga yadda ake yi. Bakinta ne ya ja mata. Sau ɗayan nan shi ne har bana.

Tun da ba ta karatu, sai ta yi nata rubutun. Kowace riga ta ɗinka mata zare a wuya ta ciki: ja na wane, kore na wane, ja da fari na ɗan Maraɗi. In mutum ya gama makaranta ya tafi, ta warware ta sa wani. Ba ta zuwa kallo, ba ta san dokar wasan ba, amma in aka juye mata buhun wanki a banɗaki ta san yadda aka kwashe kafin kowa ya buɗe baki. In rigunan sun zo da laka a gaba, an yi ƙoƙari. In duk a baya take, an sha faɗuwa. Ta san mai zufa mai tsami, ta san mai fesa turare kafin wasa kamar zai je zance. A watannin da garin nan yake jiƙewa, bango yana zufa, tayil yana zufa, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba, da dutsen guga take busar da su ɗaya bayan ɗaya, bayanta yana ƙara.

Shekarar farko 'yan Koriya suka zuba musu tara babu ko ɗaya. Nababa ya ce iska ce. Shekara ta biyu 'yan Kamaru na wata jami'a suka ba su shida, ya ce alƙalin wasa ne. Ta uku suka fara cin mutane, har suka fita daga rukuni a gasar ɗaliban waje, aka zo gidan aka cinye tuwon kwana biyu a zama ɗaya. Sai ta huɗu, shekarar kofi, wadda duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar yake ba da labarinta kamar yana wurin, har waɗanda lokacin suna firamare a Katsina.

Golan da aka rubuta a takarda a shekarar sunansa Umar Faruƙ. Ɗalibin likitanci ne, gajere, mai kirki, an sa shi ne don a cika suna. Wasan farko ƙwallo ta same shi a fuska, ya cire safar hannu ya ce shi hannuwansa na tiyata ne, Allah ya ba da sa'a. Ran Juma'a, a Masallacin Huaisheng, wani ya raɗa wa Nababa cewa akwai wani dogo ɗan Damagaram mai ɗaukar dila a Shisanhang, ya taɓa tsare raga a garinsu. Souleymane ke nan. Ba ɗalibi ba ne, bai taɓa shiga ajin jami'a ba ko don fakewa ruwa. Aka ba shi katin Umar Faruƙ. Hoton da ke kan katin baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mai duba katin kuma lamba yake dubawa, ba fuska ba. Haka ya tsare musu raga wasa shida.

Wasan ƙarshe ya faɗo cikin azumi, kuma shi kaɗai Iya ta taɓa zuwa, don Maijidda ta matsa. Rana ta buɗe, ciyawar robar nan tana tururi, yaran bakinsu ya yi fari. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi fenariti. Iya ba ta gane komai ba sai dai ta ga ana buga wa dogon nan ƙwallo yana tashi kamar an cilla shi. Uku ya tare. A ta ukun ƙaramin yatsansa ya karye, gwiwar hannunsa ta saɓule a kan robar, jini ya ɓata hannun rigar. Yara suka yi kansa suka danne shi. Har Sinawan da suka tsaya kallo suna tafi.

Iya ta zagaya bayan banɗakin filin ta yi alwalar la'asar, a nan ta ga abin da ba a sa a labari. Shugabar ofishin ɗaliban waje ce ta sauko za ta miƙa kofi da kanta, ita kuwa ta san Umar Faruƙ sarai, shi ne yake ɗaukar na ɗaya a ajinsu. Nababa ya janyo Souleymane bayan banɗakin yana ta sauri sauri. Souleymane ya tuɓe rigar da hannu ɗaya, Umar Faruƙ ya zura, ta sauko masa har gwiwa. Aka ruga wajen hoto. Dogon ya tsaya daga shi sai singileti, ya riƙe yatsansa, yana jin ihun da ake yi da sunan wani. Da ya ga Iya sai ya russuna ya gaishe ta, ya tambaye ta ya ibada. Daga nan ya bi ta ƙofar baya ya nufi jirgin ƙasa, don yana da dila biyu da zai kai kafin a rufe kasuwa.

Ba ta tona ba ranar, ba ta tona ba bayan ranar. Rigar ta zo cikin buhu tare da sauran. Ta jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri, ta fitar da jinin, ta yi wa gwiwar hannun ɗinki. Souleymane ya ƙara shekara ɗaya yana tsare musu, har Umar Faruƙ ya gama ya tafi da katinsa. Daga nan sai dai ya zo ya tsaya bayan waya ya yi kallo, in aiki ya bar shi. Golan da ya biyo baya rigar ta yi masa yawa, aka sayo wata, wannan ta koma ƙasan jaka da zarenta baƙi a wuya. Iya ba ta warware shi ba.

Washegarin kiran Nababa, Abdulrauf ya zo. Shi ne kyaftin yanzu, shi ne koci, shi ne mai ɗaukar ruwa. Digiri na uku yake yi, da mata da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya, idonsa kullum kamar wanda bai gama barci ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa, ya fito da takarda ya ce shi aka ɗora wa rubuta tarihin, zai karanta mata ta ji ko an bar wani abu.

Ya karanta. Kofi sau ɗaya. Na biyu sau biyu. Kyautar ladabi sau uku. Iya ta tambayi mece ce kyautar ladabi, ya ce ana ba ƙungiyar da ba ta faɗa. Ta ce ta tuna shekarun, ai waɗanda ake duka ba su rama ba dole a ce suna da ladabi. Ya karanto shekarun korona, ya ce "an dakata". Ta ce ya rubuta da kyau, shekara uku rigunan suna ƙarƙashin gadonta, duk wata sai ta fito da su ta shanya don kada su yi funfuna, ba ta san ko akwai sauran mai zuwa ya sa ba. Ya ce zai ƙara. Bai ƙara ba, ta ga biron bai motsa ba.

Ta tambaye shi su nawa ne yanzu. Ya ce tara, sai su ari 'yan Pakistan biyu, waɗanda kirki gare su amma in ƙwallo ta taso sama hannu suke kai mata. Asabar ɗin da ta wuce ma su bakwai suka fito, sauran suna ɗakin gwaji, ɗaya kuma ya bi wani Alhaji kasuwa yana yi masa tafinta.

Sai ya zo kan rigar. Ya ce an riga an buga 'yar takardar da za a liƙa a gilashin, da yaren Sinawa da Turanci: rigar Umar Faruƙ, golan da ya tare fenariti uku. Iya ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Ka san ba shi ba ne."

"Kowa ya sani, Iya. Amma in na rubuta gaskiya, cewa za su yi mun ci da wanda ba ɗalibi ba. Su ɗauke kofin, su ɗauke filin. Shi kaɗai gare mu."

Ta ce ita ba ta ce ya rubuta komai ba, ba ta san rubutu ba balle ta koya wa mai digiri uku. Tambaya ɗaya gare ta: cikinsu akwai wanda ya je ya tambayi mai rigar? Abdulrauf ya ce a gaskiya ba wanda ya kawo wannan. Ta ce to. Ta zuba masa shinkafa da wake, ya ci kamar wanda ya manta ana cin abinci, ya ce zai dawo Litinin ya ɗauki kayan, don Laraba za a buɗe ɗakin.

Kwana biyu Iya tana juya abin. Ba son fitina take ba, shekarunta sun wuce nan. Kuma yaran nan tausayi suke ba ta. Filin Asabar ɗin nan shi ne wuri ɗaya da suke ihu da Hausa ba wanda ya waiwayo ya kalle su. Ta ce wa Maijidda wataƙila ta bayar kawai a huta, riga ce, tsumma ce, in ta mutu gobe ma shara za a kai su duka. Maijidda ta ce dama ta bayar tun farko da Nababa bai cika musu kunne ba. Iya ta ce ba da ita take ba, da kanta take magana.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Souleymane. Sallama ya zo yi. Jibi Lahadi zai tafi gida gaba ɗaya. Ya shigo yana dafa ƙofa, dogon nan ya ranƙwafa, furfura ta fito masa a gemu. Shekara goma sha shida yana ɗaukar dila a kafaɗa daga hawa na huɗu zuwa titi, bayan ya ce ya isa. Ya ce yanzu ma kekunan lantarki sun karɓe aikin, laoban ɗin da yake yi wa aiki, wato maigidan shagon, ya yi masa alheri ya sallame shi lafiya. Zai je ya buɗe 'yar tireda a ƙofar gida, ya zauna ya ga 'ya'yansa, waɗanda suka girma a waya.

Iya ta sa masa abinci. Suka taɓa hirar hanya, ta Addis zai bi, ya sauka Yamai, ya hau mota kwana guda. Ta ba shi saƙon gaisuwa ga mutanen da ba ta sani ba. Ya roƙe ta gafara, ta ce bai yi mata komai ba sai cin tuwonta ba ya ragewa. Ya yi dariya. Can, yana wanke hannu, ba tare da ya dube ta ba, ya tambaya ko tsohuwar rigar nan tana nan.

Ta jawo jakar ta fito da ita. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓa. Ya buɗe ta a kan gwiwa, ya shafa ɗinkin gwiwar hannun da ƙaramin yatsan nan da ya warke a karkace. Iya ta faɗa masa komai, gilashin, takardar, sunan. Ta ce yanzu ga shi ga rigarsa, ya faɗi abin da yake so.

Ya ƙara shafa ɗinkin. Sannan ya ninke ta yadda ya same ta, ya ajiye kusa da ƙafarta.

"Bon, shi ke nan. Ki ba su, Iya. Gilashi ai girma ne. A wajena me za ta yi?"

Ta ce za ta yi abin da riga take yi, a sa ta, ko a nuna wa yara.

Ya ce ya taɓa ba matarsa labarin, shekarar da ya je gida. Matar ta ce ya nuna mata hoto. Ya nemo hoton a waya ya nuna mata, ga kofi, ga ƙungiya, ga gola da rigar har gwiwa. Ta duba ta duba, ta ce to kai kana ina? Ya ce mata yana bayan banɗaki. Ta yi dariya har da hawaye, ba da mugunta ba, ita a ganinta cikin barkwancinsa ne. Tun ranar bai ƙara ba kowa labarin ba. Har shi ma wani lokaci in yana hawa bene da dila sai ya ji kamar wani aka yi wa, ya ji a bakin mutane.

Iya ta ji wani abu ya taso mata, ba ta san ko tausayi ne ko haushi ba, sun yi kama a wannan shekarun. Ta so ta ce masa wannan haƙurin nasa shi ya ranƙwafar da shi, ba dila ba. Ba ta faɗa ba. Baƙo ne, kuma mai tafiya. Ta ɗauki rigar ta ce to shi ke nan, ya jira ta haɗa masa guzuri.

A kicin akwai dambun naman da ta yi tun jiya, da kwalbar yaji. Ta tsaya tana kallon kwalbar. Kwalba ce, hanya da nisa, masu jefa kaya a jirgi ba su da imani. Dole a naɗe ta da wani abu. Ta duba tsumman kicin, duk sun yi mai. Ta duba hannunta. Ta naɗe kwalbar da rigar tsaf, hannuwan ta ɗaure su ta baya, ta sa a baƙar leda, ta ƙara wata, ta ɗaure da igiya ɗaurin da sai da wuƙa. Ta fito ta ce masa yajin nan mai ƙarfi ne, in ya buɗe a hanya duk jirgin zai yi atishawa a kama shi, kada ya kuskura ya taɓa sai ya shiga ɗakin matarsa. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Maijidda ta raka shi bakin lifta. Iya ta koma ta zauna, ta ji bayanta ya saki kamar ta gama wankin Asabar.

Litinin Abdulrauf ya zo da akwati mai taya. Ta tura masa jakar bakkon gaba ɗaya, ta ce ya zaɓi abin da yake so, duk a wanke suke a goge. Ya tona ya tona. Ya ɗago. Ba ta bari ya tambaya ba, ta ce rigar gola ta bi mai ita, a yanzu haka in Allah ya kiyaye hanya tana tsakanin Yamai da Damagaram, da kwalbar yaji a cikinta. Ya zauna daɓas a ƙasa. Ta zaci zai yi faɗa, sai ta ga yana murza ido yana 'yar dariyar gajiya. Ya ce shi dama takardar nan tun da aka buga ta ba ya son kallonta, zai sa hoton da kofin kawai, hoto ba shi ya ɗauka ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne, wa zai gaya wa Nababa. Iya ta ce ya bar mata wannan. Ta zaro riga ɗaya daga jakar ta sa masa a saman akwatin, ta ce ya tafi da ita ko za a buƙata.

Ba a kai la'asar ba wayar ta yi ƙara. Maijidda ta duba ta ce shi ne, ta miƙa mata, ta tsaya a bakin ƙofa don kada ta rasa komai.

Wannan karon Iya ba ta kife wayar ba, ta saurara. An daɗe ana zuba mata. Ta ce e, ita ta bayar. Ta ce a'a, ba mantuwa ba ce, tsufanta bai kai nan ba. Ta ce ta sani shi ya kafa, tana nan aka kafa, a falon nan aka ci tuwon kafawar. Da ya kawo maganar amana ta ce amanar wa, ta wanda ya saya ko ta wanda ya zubar da jini a ciki? Ya bar wannan ya koma wani. Ya ce an kunyata ƙungiya, ya ce baƙi za su zo Laraba, manyan jami'a za su tsaya gaban gilashi su ga wayam, shekara goma sha huɗu na tarihi ba abin nunawa. Ya ce shi da ya yi kyaftin shekara huɗu, ya ba ƙungiyar nan ƙarfinsa da lafiyarsa, bai cancanci a yi masa haka ba. Iya ta bari ya kai ƙarshe, har ya fara maimaitawa, sannan ta gyara zama.

"Gilashin ba zai zauna wayam ba, Nababa, kwantar da hankalinka. Taka na ba Abdulrauf, mai lamba goma. Shekara huɗu duk Asabar ana kawo min ita cikin wanki, in ɗaga, in shinshina, in ninke in mayar. Ko sau ɗaya ba ta ci min sabulu ba. Ita ta dace da gilashi, ɗan nan, har yau sabuwa ce."